Sannun da Baba Ya Riƙe

A unguwarmu a Wudil, idan mutum ya kwanta ciwo har ya tashi bai ga Babanmu a ɗakinsa ba, to ko dai ciwon bai kai ciwo ba, ko kuma labari ne bai je wa Baba ba. Noma ne sana'arsa, amma dubiya aka san shi da ita. Yana da wani tsohon keke da ba ya tafiya sai da kuka, a kansa yake zuwa Dagumawa, wata ran ya nufi Kausani, don kawai an ce wani tsoho da suka taɓa haɗa iyakar gona ya kwana biyu bai fito masallaci ba. Inna takan ce da ana biyan albashin dubiya, da tuni mun yi gidan sama.

Baba mutum ne mai amon murya. Idan yana faɗa a tsakar gida, maƙwabta ba sa bukatar a ba su labari. Amma yana da wata murya ta daban da yake ajiye wa marasa lafiya. Ni ce auta, ina ƙarama yakan goya ni a bayan keken, don haka na san tsarinsa tsaf. Zai yi sallama, ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa daidai kan mara lafiya, ya dafa masa goshi, ya ce a hankali, "Sannu. Ya ƙarfin jikin?" Daga nan sai addu'a, sai ya miƙe. Ba ya daɗewa, ba ya cika mutum da tambayar me likita ya ce.

Yayanmu shi ne ɗan fari, don haka Inna ba ta faɗar sunansa. "Yaron nan" take ce masa, alhali gemunsa ya fi na Baba cika. Aikin yashi yake yi a kogi. Wanda bai taɓa tsayawa a kan gada ya leƙa ƙasa ba zai ɗauka aikin wasa ne. Su nutsa da bokiti su ɗebo yashi daga ƙasan ruwa, su cika kwale-kwale, su turo shi gaɓa, su sauke, sannan su kama shebur su yi wa tifa lodi. Yaya yakan dawo da yamma idonsa jajir, bayansa a sanƙare, ya shige ɗakinsa. Ɗakin a cikin soro yake, duk mai shiga gidanmu ko fita sai ya bi ta ƙofarsa.

Wata Juma'a da hantsi abokan aikinsa suka kawo shi a adaidaita sahu, harshensa a datse, rigarsa duk yawu. Lokacin ina aure a Sabon Gari, aka aiko min, na taho ko mayafin kirki ban yafa ba. Muka tambaye su me ya faru, suka ce faɗuwa kawai ya yi yana shure-shure. Suna faɗa suna kallon ƙasa. Kafin su gama bayani wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta riga ta yanke hukunci. Ta ce mutumin da kullum yake nutso yana kwashe wa mutanen ruwa shimfiɗa, ai dama wata ran sai sun taɓa shi. Babu wanda ya musa. Su ma abokan aikin nan da nan suka ce lallai hakan ne, suka sulale.

Daga ranar soronmu bai huta ba. Duk wanda Baba ya taɓa dubawa sai da ya zo ramawa. Mata suna shigowa da kunun tsamiya da fura, maza suna zama a tabarma suna tofi, wannan ya kawo rubutu, wancan ya kawo hayaƙi. Baba ya bar gona ya tare a ɗakin. Da safe zai dafa masa goshi ya yi masa sannu, ya buɗe Alƙur'ani ya yi ta karatu a kansa. Shi kuwa Yaya yana kwance ya juya wa mutane baya, gumi na zuba, hanci na yoyo, hamma ba ƙaƙƙautawa, yana murza ƙafafunsa yana cewa ƙasusuwansa ake sara. Mu kuwa muna kallon juna muna cewa karatu ne yake ƙona su, sun kusa fita.

Yanzu idan na tuna sai dariya ta kama ni. Babu aljanin da yake ƙonewa. Ɗakin ne ya cika da jama'a dare da rana, Yaya ya rasa kafar da zai fita ya sayo abin da jikinsa yake nema. Ranar da 'yan dubiya suka ɗan ja baya, ya ce zai taka bakin titi ya sha iska. Ya dawo garau, har da tsokanar Inna wai miyarta ta yi tsami. Baba ya yi sadakar waina don godiya ga Allah.

Ba a yi wata guda ba ya sake faɗuwa. A nan ne na kafe sai an je asibiti, ni da maigidana muka kai shi. Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta yi masa 'yan tambayoyi, ta dube shi, ta ce mu ba su wuri. Da aka kira mu, Yaya ne da bakinsa ya faɗa, kansa a sunkuye. Ƙwayar Tiramol ce. Tun shekarun baya da ciwon baya ya matsa masa wani abokin aiki ya ba shi, ya ji ya yi lodi kamar ba jikinsa ba. Daga ɗaya ya koma biyu, daga nan ya daina lissafi. Ita ce take kayar da shi. Likitar ta ce min, "Ku saurara da kyau. Wannan ciwo ne. Jikinsa ya saba, idan ya rasa, wahalar da kuka gani ta gaske ce, ba shiri yake yi ba. Za mu janye shi a hankali, amma sai da yardarsa." Na riƙe kalmar ciwo na taho da ita gida, wai ni mai kawo albishir.

Garinmu ba ya riƙe magana. Kafin a kwana biyu kowa ya ji. Yaya ya sake kwanciya a ɗakin nan, a kan katifar nan, da gumin nan da aman nan, har ma ya fi na farko jigata. Amma soro tsit, sai kaji. Tsohuwar da ta gano mana mutanen ruwa, idan mun haɗu a hanya, da can "Ya mai jiki? Allah ya ba shi lafiya" take cewa. Yanzu sai ta taɓe baki ta ce, "Allah dai ya shirya mana zuri'a." Wallahi abin ya yi min ciwo, har na daina bi ta layinsu.

Na mutanen gari mai sauƙi ne. Baba ne ya daina shiga. Da na kawo masa bayanin likita, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Wato ina zaune ina karatu a kansa, shi ya san abin da ke damunsa, ya bar ni ina yi." Tun daga ranar, idan zai fita sallah sai ya tsaya a ƙofar ɗakin, ya doke ta da tafin hannu, ya ce da muryar nan ta faɗa, "Kai, tashi, an kira." Ba sallama, ba sannu. Yaya ya dafa bango ya miƙe, ya ja ƙafa ya bi bayansa, wata ran sai ya tsaya a bakin kwata ya yi amai sannan ya ƙarasa masallaci. Mutumin da yake taka keke har Kausani don ya duba bare, ga ɗansa a soro yana wuce shi.

Inna ba za ta iya magana ba, kunyar ɗan fari ta ɗaure mata baki. Sai dai idan na zo ta ja ni madafi, tana fifita wuta ba ta kallona, ta ce, "Yaron nan fa ko kunu ba ya sha." Can kuma ta ce, "Da babanku zai leƙa shi sau ɗaya." Abin da take so ke nan a duniya, ba wani abu ba, Baba ya cire takalmi ya shiga ya ce sannu. A ganinta idan ya yi hakan ya karɓi ɗansa, kuma idan shi ya shiga, gari ma zai shiga. Ni ma haka na gani.

Auta tana da lasisin da sauran 'ya'ya ba su da shi, ni kuma ban taɓa barin nawa ya yi tsatsa ba. Na same shi da la'asar a ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, wai shi Yaya ba mara lafiya ba ne?"

Ya ce, "Wa ya aiko ki?"

"Babu kowa. Likita ce ta ce ciwo ne, ni kuma na ga aman da idona, ni nake kwashewa."

"Na ji abin da likita ta ce. Ki faɗa min, kin taɓa ganin wanda ya tashi da ƙafarsa ya je ya sayo zazzaɓi?"

Na ce, "To ai kai ma ranar da goro ya yanke, duk gidan nan babu mai sakat. Ko akuya ba ta isa ta yi kuka ba."

Na ɗauka zai kore ni. Sai ya yi ɗan murmushi, ya ce, "Ke dai bakinki zai ja miki." Ya ci gaba da buga ƙotar. Can ya ajiye ta ya ce, "Bari in faɗa miki abin da ba ki sani ba. Duk wanda kika ga na zauna a kansa na yi masa sannu, babu abin da ya rage masa sai haƙuri, ni ma babu abin da zan iya yi masa sai addu'a. Abin ya fita daga hannunsa. Wannan na cikin soro, nasa bai fita daga hannunsa ba. Yana da abin yi, kuma zai iya. Ba zan je in zauna a kansa ba."

Na tashi raina a ɓace. A lokacin taurin kai kawai na ji a maganar, irin na tsofaffin da ba sa son a ce sun yi kuskure.

Na daɗe ina juya wannan tambayar, ciwo ne ko son rai, kuma har yau ban sauke ta a wuri ɗaya ba. Idan na tuna yadda na ga Yaya yana birgima a ƙasa yana cizon filo, ƙato kamar shi yana kiran Inna, sai in ce babu mai hankalin da zai zaɓi wannan. Wanda duk ya ce shiri ne, ya zo ya wanke zanin gadon sau ɗaya mu gani. Amma kuma ni ɗin dai na san yadda yake kallon tsakiyar idona ya rantse ya daina, alhali ƙwayar tana cikin aljihunsa. Na san sai ya wuce masallaci, ya wuce gidan kawunmu, ya tsallaka titi kafin ya isa wurin mai sayarwa, kuma duk tsawon hanyar nan ƙafarsa ce take tafiya, babu mai tura shi. Sannan na san wata rana da wani abokinsa ya jefo masa ƙwaya ɗaya ta taga, yana tsaka da rawar sanyi, ya ɗauka ya juya ta a hannu, ya miƙo min ya ce in jefa a masai kafin ya canja shawara. Shi ma wannan shi ne ya yi, ba ciwon ba. Na kasa gane inda ciwon ya tsaya da inda Yayana ya fara. Da na gaya wa likitar haka wata rana da muka koma, cewa ta yi ita ma ba kullum take ganewa ba, abin da ta sani shi ne magani ba ya aiki sai da mutum, mutum kuma shi kaɗai yana shan wuya.

Ya tashi kuwa. Damina ta same shi ya murmure, Baba kuwa fartanya kawai ya miƙa masa. Suka yi noma tare, shekarar dawarmu ta yi kyau. Baba bai taɓa yaba masa a gabansa ba, amma na ji shi yana gaya wa kawunmu cewa kunyar da yaron nan yake ja a gona ta fi tasa miƙewa. Inna ta yi ƙiba, har ta fara zancen a nemo masa mata.

Sai dai gona tana ƙarewa, rani kuma ba ya ƙarewa da wuri. Babu aikin da ya iya sai na kogi. Ya koma, da alƙawarin lodi kawai zai yi ba nutso. Ruwan da sanyi, ciwon bayan ya motsa, abokan aikin suna nan yadda ya bar su, kowa da abinsa a aljihu. Ba sai na ja zance ba. Ya koma wa ƙwayar, ya sake kwanciya, Baba ya sake dukan ƙofa, ya sake tashi. Haka muka yi ta yi shekara da shekaru, damina tamu, rani nata. Zancen aure ya mutu da kansa. Inna ta zube, hawan jini ya kama ta. Duk kwanciyar da Yaya zai yi sai na koma wa Baba da maganar nan, har ta kai idan ya hango ni da la'asar yakan ce, "Lauyar yayanta ta iso." Wata rana ina mita a ɗakin Yaya, ina cewa wannan wace irin zuciya ce, ya ce min, "Ki ƙyale shi." Na ɗauka fushi ne ya sa ya faɗa.

Bara bayan an gama girbi ya faɗi a cikin ruwa. Allah ne ya sa akwai mutane kusa, suka jawo shi ya sha ruwa ya ƙoshi. Ya kwana biyu a asibiti aka dawo da shi soro. Wannan karon ya rame ƙwarai, wuyansa duk jijiya, furfura ta fito masa a gefen kai. Na lura Baba ya tsaya a tsakar gida yana kallo lokacin da ake shigar da shi, an riƙe shi hagu da dama. Kallon ya daɗe.

Washegari bayan la'asar ina ɗakin ina dama masa fura, sai na ji sallama a bakin ƙofa. Na ɗaga kai, Baba ne. Ya cire takalmansa ya jera su, ya shigo, ya zauna a ƙasa daidai kan Yaya. Ludayin ya tsaya a hannuna. Ya miƙa hannu ya dafa masa goshi, ya ce a hankali, "Sannu. Ya ƙarfin jikin?"

Yaya ya ce, "Da sauƙi, Baba."

Baba ya yi addu'a mai tsawo, muka shafa. Ya ce, "Allah ya sa kaffara ne. Ka yi haƙuri, ka ji." Ya miƙe ya fita.

Ashe Inna tana laɓe a bayan ƙyauren soro. Da na leƙa na same ta tana share hawaye da gefen zani, tana cewa alhamdu lillahi, yau kam za ta yi barci. Ni ma daɗi ya cika ni, na ji kamar an sauke min kaya daga ka. Na koma ɗakin da fara'ata, ina shirin tsokanarsa cewa lauyarsa ta ci shari'a, sai ya biya ni.

Na tarar ya zuba wa rufin ɗaki ido, hawaye na gangara masa har cikin kunne.

Na ce, "Yaya, kukan daɗi ne wannan?"

Ya ce, "Kin ji muryar da ya yi min magana da ita?"

"Na ji mana. Ba ita muke nema ba shekara da shekaru?"

Ya girgiza kai. "Ku kuke nema." Sannan ya ce, "Duk dukan da yake yi wa ƙofar nan, haushinsa nake ji kamar in mutu. Amma idan na ji, na san akwai mutum ɗaya a garin nan da yake ganin zan iya tashi. Shi ya sa nake tashi. Yau shi ma ya daina gani."

Na buɗe baki zan ce ba haka ba ne, tausayi ne irin na uba, tsufa ne ya sanyaya shi. Sai na tuna da kunnena na ji Baba ya faɗi irin mutanen da yake yi wa sannu. Na ɗauki furar na miƙa masa, ya kurɓa kaɗan ya ajiye.

Ban koma gidana da wuri ba ranar. Ina nan zaune aka kira magariba. Muka ji tafiyar Baba daga tsakar gida, ya shigo soro, ya iso daidai ƙofar. Yaya ya riga ya dafa bango da hannu ɗaya. Baba ya sassauta taku don kada ya tashi mara lafiya, ya wuce masallaci shi kaɗai.